Watandar Asara

In ana lissafin masu baki a Birnin Kebbi, ni ne na ɗaya, ni ne na biyu, gurbin na uku kuwa sai a bar shi a buɗe ko Allah zai kawo wani nan gaba. Ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da ni a unguwarmu ta Nassarawa. Ba a banza aka sa mini Garba Rediyo ba. Lokacin da nake kan ganiyata, da za a ba ni laima a ce in kai Argungu in sayar wa kifi, da kuɗi zan dawo, kifin kuma ya biyo ni har bakin gaɓa yana tambayar ko akwai ta mata. Da wannan bakin na ciyar da ku, da shi na biya muku makaranta, kuma da shi ne, kamar yadda za ku gani, na rasa fulotina na unguwar Gesse.

Ku ne kuka sa na keɓe wa shekarar nan babi guda. Tun kuna ƙanana kuke ce mini mai sayar da iska, don in an tambaye ku sana'ar ubanku ba ku da abin nunawa, 'ya'yan mai shago su nuna shago, ku kuwa sai wata tsohuwar jaka. Ke kuma Safiya, ba sau ɗaya ba kin tambaye ni dalilin da ya sa ƙawayenki suka koma Gesse mu muka tsufa a Nassarawa, ni kuma kullum in ce miki likita ne ya hana ni zama inda babu hayaniya. Ba likitan da ya ce. Ga yadda aka yi.

Ni dillalin inshora ne. Ba ni ke biyan asara ba, kamar yadda dillalin kara ba shi ke da sa ba. Aikina in samo mai tsoron wata asara, in rubuta tsoron nasa, in kai wa masu ɗauka, in ci la'adata. Masu ɗaukar a Legas suke, kuma in kun san watanda kun gama sanin yadda suke yi. Ana gab da salla, ba wanda zai iya sayen sa shi kaɗai a unguwa, sai a haɗa kuɗi, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kashin da aljihunsa zai iya. To su ma haka, sai dai su abin da suke kasawa asara ce, wadda ba ta ma auku ba tukuna. In na kai babbar kasada, ba kamfanin da zai rungume ta shi kaɗai. Sai in fara da wanda ya fi kowa sanin irinta, ya duba, ya yanka farashi, ya ɗauki kaso mafi tsoka, ya sa hannu. Da sa hannun nan nasa nake bin sauran ofis-ofis, wannan ya ɗauki cinya, wancan haƙarƙari, wani ɗan kayan ciki, har sa ya ƙare. Na baya ba sa wahalar da kansu da dogon karatu, hannun na gaba suke dubawa. Daga baya kowannensu ya yanki wani abu daga kasonsa ya tura ƙasashen waje, inda aka ce akwai wani ɗaki a Ingila da ba abin da ba a kasawa a cikinsa, daga jirgin ruwa har ƙafar ɗan ƙwallo. Ban taɓa zuwa ba, amma na sha ba da labarinsa a majalisa har wasu suna yi mini sannu da hanya.

Shekara da shekaru ina fama da motoci da shaguna da buhunan albasa masu tafiya kudu. Sai a shekarar da nake faɗa muku wani sabon abu ya fito, inshorar manoman shinkafa. Noma ne ya canza, shi ya kawo ta. Shinkafar da kakanninku suka sani a fadamar Rima mai bin ruwa ce, ruwa na hawa tana hawa, ko ya kai wuyan raƙumi kanta na sama. Ba ta da yawa, amma ba ta da saurin mutuwa. Da aka kawo gajera mai yawan 'ya'ya, wadda ke cin taki da magani da kuɗi tun kafin ta san hanyar kasuwa, sai mutane suka koma mata, kuma ba laifinsu, buhu ba ya ƙarya. Amma gajerar nan 'yar gata ce, in ruwa ya rufe ta ya daɗe a kanta, sai dai addu'a. Arziki ya ƙaru, tsoro ma ya ƙaru, inda tsoro ya ƙaru kuwa nan mutanen Legas ke jin ƙamshi. Da yake ba za su iya bin gona-gona suna duba wa ya yi asara wa bai yi ba, sai suka ce za a riƙa auna ruwan sama, da ma'auni a ƙasa da tauraron ɗan'adam a sama. In ya wuce wani mizani, ko ya gaza, a biya kowa ba musu.

Wanda na sa wa ido shi ne Kawu Mamman, kawun mahaifiyarku Hajara, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama har ya aurar mini da ita. Ƙauyensu na bayan Argungu a hanyar Augie, kuma shi ne shugaban ƙungiyar manoman wurin, in ya ce e, gari ya ce e. Mutum ne da in ka yi masa jawabi tun hantsi har azahar zai amsa maka da kalma uku, su ma "Allah shi kyauta" ne. Dillalai da yawa sun je masa da kayansu, duk sun dawo da goro kawai. Na ce a raina, wannan dutsen bakina ne zai fasa shi.

Kafin in je sai da na fara cin karo a gida da Yaya Malam, wana, wanda ya gaji littattafan mahaifinmu ni na gaji surutun kakarmu. Shi a wajensa inshora caca ce da aka sa wa kwat, kuma ya ce ya ji akwai kuɗin ruwa a cikinta. Na zauna na warware masa cewa wannan irin ta taimakon juna ce da ake ce wa takaful, abin da kowa ya zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, ba a juya shi da ruwa, wanda asara ta sama a tallafa masa daga ciki, in kuma shekara ta wuce lafiya aka samu rara a mayar wa masu zubi. Ya ɗauki lokaci yana buɗe littattafai yana rufewa, daga ƙarshe ya ce ba laifi, in je. Har na kai bakin zaure ya kira ni.

"Garba, abu guda nika tsoro," in ji shi. "Kai in ka hwara magana, ko kai kanka ba ka jin abin da kaka hwaɗi."

Na yi dariya, na ce hassadar malamai ce ga masu fasaha.

Aka tara mini mutane a inuwar wani dogonyaro a ƙofar gidan Kawu. Ranar nan na yi magana har tsuntsayen da ke kan bishiyar suka yi ƙaura. Na kawo musu watanda, na kawo adashi, na kawo ɗakin nan na Ingila. Yarjejeniyar da Turanci take, to a nan ku kula, don nan ne gizo ke saƙar. Turanci yana da kalma daban ga wanda ke saukowa daga sama, da kalma daban ga wanda ke gudu a gulbi. Mu kuwa Allah ya ba mu guda ɗaya ya ce mu yi maneji da ita. Na sha ruwa ne, na sama ruwa ne, na gulbi ruwa ne, na bashi ruwa ne, har wanda ya tsame hannunsa daga magana cewa yake ba ruwansa. Sai na ce musu in ruwa ya yi yawa za a biya ku, in ya yi kaɗan za a biya ku. Kawu, wanda tun da na fara yake kallon yatsun ƙafarsa, ya ɗago kai.

"In ruwa yac ci gona, a biya?"

"A biya, Kawu."

Ban yi masa ƙarya ba, shi ma bai ji ba daidai ba. Mutumin birni in ya ce ruwa da damina, sama yake kallo. Mutumin fadama in ya ce ruwa, gulbi yake kallo. Kawu ya ce Allah shi kyauta, ya miƙa hannu aka ba shi biro, ƙauye kuma ya bi bayansa. Na dawo Birnin Kebbi kaina ya yi girman da sai da na sunkuya kafin in shiga zaure. Na kai kasadar Legas, aka kasa ta tas, na dawo na je Gesse na tsaya a kan fulotina ina nuna wa iska inda falo zai zauna.

Daminar nan ta zo da ladabi. Ruwan sama daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, shinkafa ta yi kore shar har ta ɗauki ciki. Ashe can sama, nesa da mu, inda gulbi ke tasowa, an yi ta tafka ruwa har madatsa ta cika ta batse, masu kula da ita kuma ba su da zaɓi, ko su buɗe ko ta buɗe kanta. Ruwan ya iso wa su Kawu rana tsaka, sama garau ko gajimare babu. Da na je, daga bakin titi sai da na shiga jirgi, mai fito yana nuna mini da sanda yana cewa nan gonar wane ce, can ta wane ce, ni kuwa ba abin da nake gani sai ruwa. A daidai gonar Kawu wani ƙaton kifi ya ɗago kai ya dube ni, na tabbata laimar nan yake tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na sami mutanen. Ba kuka, ba ihu. Kawu na zaune a kan tudu yana ba su haƙuri, yana cewa ai mijin ɗiyarsa na nan, an yi inshora. Lissafinsu ɗaya ne, ruwa zai janye, in diyya ta zo da wuri su sayi iri da man injin ban ruwa su yi noman rani, su mayar da abin da damina ta ci. In ba ta zo ba kuwa, duk abin da suke da shi yana ƙarƙashin ruwan nan, sai dai a jinginar da fadamar gado, samari su watse ci-rani. Kuma duk wanda ya zuba, don Kawu ya ce a zuba ne ya zuba. Na ce musu su sha kuruminsu, na buga ƙirji har sai da jirgin ya yi tangaɗi.

Da na koma na buga waya Legas, wani saurayi mai ladabi ya karanta mini abin da ma'auni ya nuna. Ruwan sama bai wuce mizani ba, bai gaza ba, damina ce mai kyau, har yana taya ni murna. Na ce masa gonakin suna ƙarƙashin ruwa. Ya ce ya ji, ya kuma jajanta, amma yarjejeniya kan ruwan sama take. A taƙaice, ruwan da ya ci shinkafa ba ruwansu ba ne, saboda haka ba ruwansu.

Ku ba za ku tuna ba, amma gidanmu bai taɓa yin shiru irin na lokacin nan ba. Maƙwabta har aiko yaro suka yi a tambaya ko na yi tafiya. Mahaifiyarku ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na fi jin sauƙi. Ta dai ce duk abin da ake ciki in je in faɗa wa Kawu da bakina, tunda bakin ne ya kai labarin farko, shi ya kamata ya kai na biyu. Na je. Na durƙusa kamar yadda na saba, na yi masa bayanin ma'auni da tauraro da bambancin kalmomin Turanci, yana saurare yana jan carbi. Da na gama ya ce:

"Garba, ruwa dai ruwa na. Shinkafa ba ta tambaye shi ta ina yah hito ba."

Ya ƙara da cewa kar in gaya wa kowa tukuna, don bakinsa ne a ciki ba nawa ba, shi mutane suka bi. Wannan ta fi mini mari zafi.

Yaya Malam bai ce ai na faɗa maka ba. Gyaran murya kawai ya yi, amma irin gyaran muryar da ke da fassara. Sannan ya zaunar da ni ya ce cinikin da mai saye ya ji abu ɗaya mai sayarwa ya nufi wani, ciniki ne a cikin duhu, kuma asusun da aka kira na taimakon juna bai kamata ya fake da duhu ba. Ya ce in je in faɗa musu haka, kuma don Allah in faɗe shi a gajarce. Na ɗauki jakata na hau motar Legas, na bi ta Yawuri da Kwantagora a tsakanin wani mai buhun busasshen kifi da wani mai munshari, na isa ina warin ɗaya ina jin haushin ɗaya.

Wadda ta fara sa hannu a kasadar nan, mai kaso mafi tsoka, wata dattijuwa ce da mu dillalai ke kira Mai Jan Biro. Ta shekara da shekaru tana yanka farashin asarar gona, kuma ba dillalin da zai rantse ya taɓa ganin haƙoranta. In ta sa hannu sauran na bi ido rufe, in ta ture takardarka kuwa ka nemi motar gida. Na shiga na fara. Shawarar Yaya Malam ta gajartawa tun a bakin ƙofa na manta da ita. Na yi kukan marayu, na yi na zawarawa, na ce kifi ya shiga masallaci ya bi jam'i. Ta bar ni ina yi har, karon farko a rayuwata, magana ta ƙare mini. Sai ta yi mini tambaya, wai da harshenmu, kalma da kalma, me na ce musu? Na faɗa mata. Ta ce kalmar nan ta ruwa me take nufi? Na fara jero mata, na sha, na sama, na gulbi. Da na kai na bashi sai ta ajiye biro. Da na kai "ba ruwana" na fassara mata, na ce shi ne abin da yaronta ya faɗa mini a waya, sai na ga haƙoran. Ni ne shaida, suna nan, kuma farare ne.

Ta sa aka buɗo mata hotunan tauraron, shi dai wanda ya ƙirga ruwan sama ya ce lafiya lau. A hoton farko fadama kore, a na biyu sai ka ce an shimfiɗa faranti. Ta daɗe tana kallo. Abin da ta ce da Turanci ne, amma ga Hausarsa:

"Takarda ta ce kar in biya, kuma takarda ba ta yi ƙarya ba. Sai dai mun auna abin da ba shi ke kashe shinkafar ba. Mutanen gulbi muka sayar wa maganin sama."

Ba tausayi kaɗai ba ne, kar ku ɗauka waliyyiya ce. Ta yi mini lissafinta a fili, in ba a biya ba bana, ba mai sake zuba ko sisi a kwarin Rima har jikoki, kasuwa kuma ba ta rayuwa da shekara ɗaya. Ta ce cikakkiyar diyya ba za ta yiwu ba, tunda ba a karɓi kuɗin wannan kasadar ba tun farko, amma za a ba da abin da zai isa iri da mai, a matsayin alheri ba dole ba. Sharaɗinta biyu, a sake rubuta yarjejeniyar baɗi ta san da gulbi, kuma kar a sake barina in yi wa manoma bayani ni kaɗai. Na biyun ya yi mini ciwo, amma na haɗiye. Ta ja jan biron ta sa hannu.

Na sake bin ofis-ofis kamar farko. Mai cinya ya ga hannunta ya sa nasa, mai haƙarƙari ya ɗan yi tsaki ya sa. Sai na zo kan mai kayan ciki, ya ce shi ba zai bi ba. Abokan hulɗarsa na waje ba sa biyan alheri, abin da aka rubuta kawai suka sani, in ya biya daga aljihunsa zai fita. Na yi masa wa'azi, na yi masa barkwanci, na yi masa fushi, ya ba ni lemo mai sanyi ya raka ni ƙofa. Har yau ban riƙe shi ba, yana kan gaskiyarsa. Amma kashinsa ya zama rami.

Da na kai wa Kawu labari ya yi godiya, sannan ya ce ramin ba matsala ba ne, a cire nasa rabon a cike wa sauran, tunda gonarsa ta fi girma rabonsa zai toshe. Shi zai jinginar da fadamarsa ya ga abin da Allah zai yi. Na dawo gida ina ba mahaifiyarku labari, ina yaba halin dattijo, ina kuma ɗan jan hankalinta ga irin namijin ƙoƙarin da na yi a Legas. Tana zaune tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maigida, kai da bakinka kac ce watanda ta. To a garinku, in kashi ya kwana ba mai ɗauka, wa ka ɗaukar shi?"

Kowa ya san amsar, ko yaro. Na ce, "Wanda ya haɗa."

"To," in ji ta, ta ci gaba da tsintarta.

Wannan "to" ɗin ita ta ci Gesse. La'adata ta shekarar ba ta kai ta toshe ramin ba, sai da na haɗa da fulotin. Ba zan ce muku na yi shi da fara'a ba, na kai mako ina neman malamin da zai ce mini ba dole ba ne, kuma duk sun ce ba dole ba ne, amma ba wanda ya iya faɗa wa Hajara. Wanda ya saya ya gina bene mai hawa biyu da tankin ruwa a sama. Har yau in na bi ta layin nakan rage gudu in gaishe da katangar, don ƙasar da ke ƙarƙashinta ta san ni. Kawu bai san inda cikon ya fito ba sai daga baya, da ya sani kuma, tun daga shekarar nan ba mu sake sayen shinkafa a gidan nan ba, shi ke kawo mana. Duk tuwon da kuka ci kuka girma, bene ne kuke ci a hankali.

Sun yi noman ranin, a makare amma sun yi, ba fadamar da aka jinginar. Da baɗi ta zo aka sake yarjejeniya. Aka kafa wani dogon ƙarfe mai zane-zane a bakin gulbi, in ruwa ya kai jan zane an shiga biya, tauraro kuma ya daina kallon gajimare kawai ya koma kallon fadama. Yaya Malam, wanda da ya ce caca ce, shi ya zauna ya rubuta ta da Hausa, boko da ajami, kuma duk inda kalmar nan ta fito sai ya bi ta da jela, ruwa na sama, ko na gulbi, ko wanda aka sako. Shi ke karantawa a ƙarƙashin dogonyaro, ni aikina in riƙe masa lasifika. Zubi ya ƙaru, don wanda ya ɗauki gulbi ya ɗauki babban abu, wasu suka yi gunaguni suka fita, da aka yi shekara mai lafiya aka mayar da rara kuma suka dawo suna cewa da ma tafiya suka yi.

Abin da na gane game da kasuwar nan shi ne ba ta sanin abu sai ya cije ta, amma in ya cije ta sau ɗaya sai ta yi masa suna ta yanka masa farashi. Bayan gulbi sai ga injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, waɗanda iska ke ɗauke wa faranti, in iska ta bari ɓarawo ya ɗauka. Bayan su sai zafin da ke ƙona shinkafa tana fure. Kowanne ya fito sai in ɗauki jakata in koma Legas, a yi ta ja-in-ja, wani ya yi ƙarfin hali ya fara sa hannu, a kayar da sabon sa a kasa. Mai Jan Biro ta yi ritaya, amma kafin ta tafi ta koya wa yaran ofishinta su riƙa tambayar dillali me ya ce da harshen garinsu. Ni dai ban yi kuɗi ba, amma daga Argungu har Augie ba ƙauyen da zan shiga in kwana da yunwa, kuma hayaniyar Nassarawa ta karɓe ni, ko likita bai faɗa ba.

Ranar sunan autanku Kawu ya zo da kansa, da buhunansa kamar kullum. Zaure ya cika, ni kuma na ga jama'a, sai abin ya motsa. Na ba su labarin Legas, na ƙara wa ofishin hawa goma, na ce dattijuwar har hawaye ta yi. Sannan na nuna Kawu na ce su dubi mutumin nan, dillalan duniya sun yi sun gaji, amma ni zama ɗaya na yi da shi a ƙarƙashin dogonyaro ya miƙo hannu a ba shi biro, in ba baiwa ba mene ne wannan? Kawu ya gama tauna goronsa a tsanake, ya dube ni da tausayi.

"Garba, tunda kai ka kawo zancen. Ni ranar nan ko rabin abin da kac ce ban ji ba, barci nika ji. Hajara ta taz zaka tun kahin ka zo, tac ce ba ka yi ciniki ba tun azumi, kana zaune gida kana cika ma yara kunne. Shi na nac ce ma mutane mu zuba, mu taimaki mijin ɗiya. Sadaka munka yi, Allah kuma yam mayar muna da abinmu."